Kafin ka miƙa wa furodusa, sake karanta labarinka

'Yan'uwana matasa masu rubuta labarin fim, musamman ku da kuka shigo harkar a wannan zamani na fina-finai masu dogon zango a YouTube, don Allah ku daina gama rubutu da daddare ku tura wa furodusa da safe. Rubutun farko naka ne kai kaɗai, a cikinsa kake lalubo labarin. Mai kallo bai cancanci a ba shi lalube ba.

Tun 1990 da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a Kano, masana'antar fina-finan Hausa ta haura shekara talatin. A zamanin kaset akan je lokeshan, wato wurin ɗaukar fim, da 'yan takardu, darakta ya faɗa wa ɗan wasa abin da ake so, shi kuma ya cika sauran da bakinsa. Jama'a sun karɓa saboda abin sabo ne. Mai kallon yau waya ce a hannunsa, ga fassarar fina-finan Indiya tana jiransa. In ka gundure shi minti biyu, ya wuce.

In ka gama, ajiye rubutun ya yi mako guda. Sannan ka buga shi a takarda, ka ɗauki jan biro, ka bi fitowa ɗaya bayan ɗaya kana tambayar kanka: in na cire wannan, me zai lalace? Alhaji ya yi sallama, an shimfiɗa darduma, an kawo ruwa, ya gida, ya yara, ya kasuwa. Shafi ɗaya na rubutun fim kusan minti ɗaya ne a allo, in gaisuwar ta ci shafi uku, ka ga minti uku sun tafi ba abin da ya faru. Gaisuwa tarbiyyarmu ce, ba na raina ta, amma kamara tana iya shigowa bayan an gaisa. Wanda ya fi damuna shi ne maimaici. Mun ga jaruma ta kama mijinta da wata, sai ta kira ƙawarta ta zayyana mata abin da muka gani, sai ta tafi gidan iyayenta ta sake zayyanawa da kuka. Abu ɗaya sau uku, don kawai a cika zango.

Ka kuma karanta maganganun da ƙarfi, kunnenka ya ji. In tsohuwar ƙauye tana magana kamar ɗalibar Jami'ar Bayero, ko Basakkwace ya buɗe baki ka ji Kananci, kai ne kake magana da bakin kowa.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Goge shafi a ɗakinka kyauta ne. Shafin nan in ya kai lokeshan, ya zama hayar kamara, man janareto, abincin ma'aikata da sallamar 'yan wasa. Shi kuwa edita, yana iya yanke abin da ya yi yawa, amma dalilin da ka manta ba ka ba jarumi ba, ba shi da inda zai samo shi.

Kada ka jira Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001. Tana duba abin da ya shafi addini da tarbiyya. Ba aikinta ba ne ta gaya maka labarinka ya mutu a tsakiya. Nemi mutum biyu da ba sa jin kunyarka, ɗaya ɗan sana'a, ɗaya mai kallo kawai. Kada ka tambaye su ko ya yi kyau, za su ce ma sha Allah. Tambaye su inda suka fara duba wayarsu, kuma suna faɗa ka kame bakinka ka rubuta, kada ka fara kare kanka.

Ku ma daraktoci, ranar da kuka zauna da edita, fitowar da aka sha rana aka kwana ana ɗauka ita ce za ta fi muku wuyar yankewa. In ba ta matsar da labarin gaba ba, ku yanke ta.