Bajon injiniyoyin soja ba kayan kwalliya ba ne

Makon jiya a wurin mai shayi kusa da tsohuwar kasuwar Sakkwato, wani saurayi ya sauka daga babur sanye da rigar kaki, a hannun rigar an maƙala bajon soja mai rubutun injiniyoyi. Na ce masa, "Samari, a wace bariki kake?" Ya yi dariya ya ce, "Baba, ai gayu ne kawai, a gwanjo na saya." Na tambaye shi aikin masu wannan bajo, ya ce bai sani ba. Tun ranar abin yake cina.

Wanda yake Sakkwato a damunar 2010 bai buƙatar a gaya masa su wane ne injiniyoyin soja. Ambaliya ta cinye hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo, malamai da ɗalibai da mutanen ƙauyukan tsallake suka koma shiga kwalekwale. Sojoji ne suka zo suka kafa gadar wucin gadi, aka samu hanyar wucewa. Ni kaina na taka ta, ƙarfen yana ƙara a ƙarƙashin ƙafata, ruwa yana gudu ja wur. Waɗanda suka ɗaura waɗannan ƙarafa su ne masu bajon da yaron nan ya saya da kuɗin shan shayi.

Kuma aikin nasu ya daɗe. Kakanninmu da Turawa suka kwasa zuwa ƙasar Bama (Myanmar ta yau) a Yaƙin Duniya na Biyu, cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, da masu sare daji da haɗa gada suka tafi, domin babu rundunar da ke tsallake kogi da bindiga kaɗai. A lokacin ne aka ƙirƙiro gadar Bailey, wadda ake haɗawa gunduwa-gunduwa da hannu, kuma irinta aka yi amfani da ita wajen toshe ɓangaren gadar Neja ta Anaca da aka fasa a yaƙin basasa. Olusegun Obasanjo ma daga sashen injiniyoyi ya fito kafin ya karɓi miƙa wuyan Biyafara a Janairun 1970. Har yau a Makurɗi ake horar da injiniyoyin soja. Cikinsu akwai mai rarrafe a gaban ayari yana laluben nakiyar da aka binne, wanda kuskurensa na farko shi ne na ƙarshe. Yanzu da 'yan bindiga suka fara binne nakiya a hanyoyin Zamfara, wannan mutumin muke jira.

Masu cewa ai ƙaunar soja ce ta sa yara suke sa kayan, ina tambayarsu: wace irin ƙauna ce ba ta san sunan masoyi ba? Wanda bai taɓa kwana a rami ba, bai san nauyin igiya ɗaya a hannun riga ba, ya rataya abin da wani ya samu da gumi, wani ma da ƙafarsa. Wannan kwace ne, ko da an biya kuɗi.

Abin da ya fi tsoratar da ni shi ne inda muke zaune. Ku tambayi mutanen Sabon Birni da Isa da Rabah irin kayan da masu tare hanya suke sawa. Direba ya hango kaki ya rage gudu, sai ya faɗa hannunsu. A Jihar Sakkwato, inda hedikwatar Runduna ta 8 ta soja take, a ce kaki da bajo suna zube a kasuwa kamar tumatir, wallahi abin kunya ne. Kowane yaro da ya sa su don gayu yana ƙara wa talaka wuyar bambance mai tsaronsa da mai sace shi.

Ban yarda da sojan da zai tsare yaro a titi ya sa shi tsallen kwaɗo ko ya yage masa riga ba. Doka ta riga ta hana shigar ma'aikacin gwamnati don yaudara, kotu kuma tana nan. Amma duka ba ya kai wa ga dilan da ya shigo da kayan. A bi dilolin gwanjo da telolin da ke ɗinka bajon. Hukumomin barikin Giginya kuma su riƙa buɗe ƙofa ga 'yan makaranta, su ga yadda ake haɗa gada da yadda ake kwance nakiya, su ji daga bakin masu bajon yadda aka same shi.