Saksofon ma ya iya magana a hankali

Shekaranjiya da daddare an ɗauke wuta, ina kwance da iyafis a kunne sai ƙanina ya zo ya zare guda ɗaya ya maƙala a nasa. Ya yi shiru kamar minti biyu sannan ya ce, "Yaya, wannan wace irin sarewa ce?" Na ce masa saksofon ne. Ya ce sam shi bai yarda ba, saksofon ɗin da ya sani shi ne na Fela da na bandin 'yan sanda ranar fareti, wanda in an busa har a ƙirjinka za ka ji. To wannan maganar tasa ce ta sa ni rubutun nan, don ba shi kaɗai ne ke wannan ɗaukar ba, su kansu Turawan da suka ƙera abin sun daɗe suna yi masa wannan kallon.

Abin da nake ji ɗin kiɗa ne na mutum biyar da wani Bajamushe Adolf Busch ya rubuta a 1925, mai saksofon ɗaya da masu goge huɗu. Gogen nasu bayolin biyu ne, sai biyola ɗaya wadda ta ɗan fi girma da kaurin murya, sai celo, babban nan da ake jingina shi tsakanin gwiwoyi. Babu ganga, babu lasifika, babu mai tsayawa gaba da sanda yana ba da umarni. Da ido da ɗaga kafaɗa suke fahimtar juna.

Haɗa mai busa ɗaya da masu goge huɗu ba sabon abu ba ne a wajensu, cikin manyan masu tsara kiɗansu Mozart ya yi da kilarinet, wata sarewar katako, tun 1789, Brahms ma ya yi a 1891, kuma babu wanda ya ɗaga gira. Amma da an ce saksofon sai a fara yatsina fuska, alhali shi ma ɗan siririn kara ne a bakinsa ke karkarwa ya ba da sauti, daidai da kilarinet ɗin, sai dai shi jikinsa na tagulla ne. Adolphe Sax ɗan Beljiyam da ya yi masa rajista a Faris a 1846 ai ba don gidan rawa ya ƙera shi ba, kiɗan jaz na Amurka ma ba a haife shi ba a lokacin. Mutumin ya sha shari'a da abokan sana'arsa har sau uku yana karyewa, abin busar tasa kuma ta ƙare a hannun bandin soja. Da baƙaƙen fatar Amurka suka ɗauke shi suka yi abin mamaki da shi sai rainin ya ƙaru, har a 1938 'yan Nazi suka yi baje kolin kiɗan da suka kira lalatacce a birnin Dusseldorf na Jamus, hoton tallar kuwa zanen izgili ne na baƙin mutum riƙe da saksofon. Ni dai a ganina ba kunne ne ya yanke wa abin nan hukunci ba, ƙabilanci ne da girman kai. Shi Busch ɗin kuwa daga 1933 ya daina kiɗa a Jamus saboda ƙin mulkin 'yan Nazin, wannan ma ya ƙara min ganin girmansa.

Amma abin da ya fi kama ni ba tarihin ba ne, haƙurin mai busar ne. Saksofon ɗaya in ya buɗe murya zai danne gogen nan huɗu gaba ɗaya, kamar a kawo algaita cikin ɗaki ana hira. Don haka dole ya ja da baya, ya busa ƙasa-ƙasa har wani wajen ka kasa gane shi ne ko biyola ce ke magana, kuma busa a hankali ba tare da sautin ya kauce ba ya fi busa da ƙarfi wahala nesa ba kusa ba. Sannan ga numfashi. Mai goge hannunsa ke tafiya, in ya ga dama ba zai tsaya ba, shi kuwa mai busa dole ya shaƙi iska, sai ka ji su huɗun sun ɗan dakata masa ƙiftawar ido. Da iyafis har jan numfashin nasa za ka ji, da 'yar ƙarar maɓallan in sun rufe, wallahi wajen nan tsigar jikina tashi take yi kullum.

Na san wasu za su ce ina ruwanmu da kiɗan Turawa. Babu laifi, kowa da abin da ke faranta masa. Ni dai wanda ya taɓa zama kusa da mai goge ya ji yadda tsirkiya ke kuka, ba na jin wannan zai zame masa baƙo sosai. Ƙanin nawa dai bai mayar min da iyafis ɗin ba sai da kiɗan ya ƙare, da safe kuma ya ce in tura masa a waya.