Maƙogwaro ne ke waƙar ko na'ura?

Jama'a, musun da ake ta tafkawa a zaurenmu na WhatsApp na 'yan Jekadafari ne ya sa na ce bari in zo nan in faɗi nawa a tsanake, don can kowa rubutu yake, babu mai karanta na wani. Wani ne ya turo bidiyon wani tsohon mawaƙin rok na Turai. Mutum ya ba sittin baya, yana zarya daga wannan gefen dandamali zuwa wancan, gumi sharkaf, amma muryar nan tana hawa sama tar kamar ta saurayi. Nan take aka rabu gida biyu. Wasu suka ce baiwa ce da kula da lafiya, wasu suka rantse na'ura ce ke yi masa komai, shi baki kawai yake motsawa. Ni a wurina duka ɓangarorin sun yi gaggawa, domin abin nan da ake ce wa na'ura hawa-hawa ne, kuma ba kowane hawa ne ha'inci ba.

Babu muryar da za ta fito ta lasifika ba a taɓa ta ba. Daga makirfo sai ta bi waya ta isa miksa, inda injiniyan sauti ke zaune. Shi zai rage mata kauri idan ta yi gumi-gumi, ya ƙara mata kaifi don kalmomi su fita, ya danne ta idan mawaƙi ya ƙwala ihu, ya ɗago ta idan ya yi ƙasa-ƙasa, sannan ya zuba mata amsa-kuwwa. Wannan ko a wajen tafsiri ana yi. Ku saurari mai jan baƙi da azumi, ko sha'iri a wajen Maulidi, za ku ji muryar tana dawowa sau biyu sau uku. Ban taɓa jin wanda ya ce alaramma ya yi ha'inci don an sa masa eko ba.

Hawa na gaba shi ne Auto-Tune, wadda kowa ke kiran sunanta amma kaɗan ne suka san aikinta. Wani Ba'amurke ne mai suna Andy Hildebrand ya ƙirƙiro ta, kamfaninsa Antares ya fitar da ita a 1997. Mutumin ba a situdiyo ya taso ba. Injiniya ne da ya yi wa kamfanin mai na Exxon aiki, yana lissafin yadda sauti ke shiga ƙarƙashin ƙasa ya dawo, don a gane inda mai yake kwance, irin binciken da ake yi kafin a haƙa rijiya kamar ta Kolmani da ke tsakaninmu da Bauchi. Wannan lissafin ya juya ya ɗora a kan muryar ɗan'adam. Manhajar tana sauraron murya, ta auna tsayin sautinta, ta duba matakan sautin da aka saita mata, sai ta ja muryar zuwa matakin da ya fi kusa. Idan an sa ta ja a hankali, kunne ba zai gane ba. Idan aka ƙure mata sauri, sai muryar ta riƙa tsalle daga mataki zuwa mataki tana karkarwa irin ta mutum-mutumi. Waƙar mawaƙiyar Amurka Cher mai suna Believe ta 1998 ce ta fara yayata wannan salon a duniya, mu kuma a waƙoƙin fina-finanmu muka rungume shi har ya zama kamar da shi aka haifi waƙar.

Ana amfani da ita a kan dandamali kai tsaye, wannan gaskiya ne. Amma tana da iyaka. Ba ta ba mutum numfashi. Ba ta tuna masa baitin da ya manta, ba ta dawo da shi kan kiɗa idan ya riga shi ko ya makara. Muryar da ta dushe, a dushe za ta fito. Kuma idan mawaƙi ya kauce sosai, har ya fi kusa da matakin da ba shi ake nufi ba, can za ta ja shi ta kafe shi, sai kuskuren ya fi fitowa fili. Wato sai wanda ya kusa daidai take gyarawa. Don haka ni ban ɗauke ta babban laifi ba, matuƙar maƙogwaron mutum ne ke aiki a wannan lokacin.

Inda maganar take shi ne muryar da aka naɗa tun a situdiyo, a zo a sake ta a ƙarƙashin ta mawaƙi. Manyan ƙungiyoyin rok da yawa suna wasa da ɗan abin ji toshe a kunne, ana buga musu ƙas-ƙas-ƙas na ƙidaya don kada su saɓa da abin da kwamfuta ke saki. Wani lokaci amshi ne kawai aka naɗa, ko kayan kiɗan da ba a zo da su ba. Wani lokaci kuma muryar shi jagoran ce sukutum. Injiniya na riƙe da maɓalli biyu, ɗaya na makirfo, ɗaya na naɗaɗɗiya. Inda waƙa take da sauƙi sai ya bar makirfo, da an zo gaɓar da ke buƙatar hawa sama sai ya tura ɗayan. Mai kallo ya tafi gida yana cewa tsoho bai tsufa ba.

Su kansu Turawan sun sha rikici a kan wannan. A wasan Super Bowl na 2014, wato wasan ƙarshe na gasar ƙwallon Amurka, mutane suka lura gitocin ƙungiyar rok ta Red Hot Chili Peppers ko waya ba a jona musu ba. Mai kaɗa musu gitar bes, Flea, ya fito ya faɗi gaskiya: kiɗan naɗaɗɗe ne, muryar mawaƙin ce kawai ta kai tsaye, kuma sharaɗin masu shirya wasan ne. Wanda ya fi muni shi ne na wasu mawaƙa biyu da ake kira Milli Vanilli. A 1989 suna tsakiyar wasa a jihar Konetikat ta Amurka sai naɗaɗɗiyar ta maƙale, ta yi ta maimaita layi ɗaya. Ramin ƙarya ƙurarre ne. A Nuwamba 1990 furodusansu Frank Farian ya tona cewa ko a faifan ma ba su suka yi waƙar ba, aka karɓe kyautar Grammy da aka ba su. Ku ajiye wannan gefe guda, ku nemi wasan ƙungiyar rok ta Queen a taron waƙa na Live Aid a filin Wembley na Landan, 13 ga Yuli 1985, shekara goma sha biyu kafin a san Auto-Tune. Jagoransu Freddie Mercury ya tsaya shi kaɗai babu kiɗa yana jefa wa mutum wajen 72,000 sauti suna amsa masa. Za ka ji muryar tana ɗan tsagewa a wasu wurare, kuma wannan tsagewar ce ke gaya maka mutum ne a gabanka.

Masu cewa sun kama mawaƙi don bakinsa da sauti ba su tafi tare a bidiyo ba, ku yi a hankali. Sauti na tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa, haske kuwa nan take yake isowa. Wanda ya ɗauka da waya daga can ƙarshen filin wasa na Pantami, mita ɗari daga lasifika, zai sami saɓanin kusan sulusin daƙiƙa ko da mawaƙin da gaske yake yi. Haka bidiyon da kamfani ya fitar ba hujja ba ne ta kowane ɓangare, don ana komawa situdiyo a gyara shi kafin a saki. Abin da ake dubawa daban ne. Idan ya janye makirfo daga baki, ƙarfin muryar ya ragu ko yana nan yadda yake? Bayan ya gama tsalle, kana jin haki a cikin waƙar, ko sai ya tsaya gaisuwa sannan hakin zai bayyana? Mafi ƙarfi duka, a samo bidiyon waya na garuruwa biyu daban a saurara. Ɗan'adam ba ya rera waƙa iri ɗaya sak sau biyu. A bidiyon da aka turo mana dai, a baitoci ina jin numfashin mutumin, a wajen amshi kuma muryar kan cika ta yi faɗi ko da ya miƙa wa jama'a makirfo. Hukuncina shi ne yana waƙa, ana kuma tallafa masa.

To amma mu dawo gida, don ba mu da bakin yi wa Bature dariya. Shi aƙalla gardama ake a kan kashi nawa ne nasa. A nan Gombe, a yawancin dina da wasan Sallah da taron siyasa, mamin ne tsagwaronsa, wato motsa baki a kan waƙar da aka naɗa. Ɗan yayata yana aikin sauti a wuraren biki, na taɓa zama kusa da shi a wata dina a wani ɗakin taro. Mawaƙi ya iso da tawagarsa bayan an gaji da jira, yaronsa ya zo ya miƙa filashi ya ce lamba uku da lamba bakwai. Aka saki waƙa, ita ce dai wadda ke cikin wayar kowa, har da sunan situdiyon da ake ambata a farkonta. Mawaƙi ya riƙe makirfo yana rausaya, yana lumshe ido, ana ta liƙi. Na dubi miksa, layin makirfonsa a ƙasa yake ƙurmus, ko ɗan koren haske ba ya motsi. Sai an zo inda zai ce "ina masoyana" yaron nan zai ɗaga, ya faɗa, ya mayar. Na ce kai, haka kuke yi? Ya ce, "Kawu, shi ya ce in rufe. Ran da na bar wa wani a buɗe, har waje ya biyo ni da faɗa."

Wannan ba gyaran murya ba ne. Mai nono da ta zuba wa kindirmonta sukari daban take da wadda ta dama garin 'ya'yan kuka da ruwa ta ce maka kindirmo ne.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da muka yar. Waƙar Hausa a gaban jama'a aka san ta. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da makaɗan kalangu da 'yan amshi yake tsayawa, ya ƙirƙiri baiti nan take. Idan wani babban mutum ya shigo fili, kafin ya zauna sunansa da na ubansa da garinsu sun shiga waƙa. Idan wani ya yi abin dariya, ya shiga. Shi ya sa za ka sami waƙarsa ɗaya an naɗe ta a wurare daban-daban kuma kowace da irin zubinta. Ɗan Maraya Jos, da ya rasu a 2015, kuntigi ne kawai a hannunsa, tsirkiya ɗaya, babu inda zai ɓuya. Kyautar da ake yi wa makaɗi ladan wannan ne: ya gan ka, ya ambace ka, ya yi maka abin da ba a yi wa kowa ba jiya. Yanzu fa? Uwar amarya ta fito da sababbin kuɗi tana zubawa, waƙar da ke tashi kuwa sunan wata amaryar ce a ciki, ta wani gari, ta bara.

Ba zan ɗora wa mawaƙa laifin duka ba. Mai biki zai kashe dukiya a kwalliyar fili da abinci da anko, ya zo kan sauti ya nemi mafi araha: lasifika biyu masu tsatsa, makirfo mai kuka, babu ko ƙaramar lasifikar da ake juyowa ta fuskanci mawaƙi don ya ji kansa. Wanda ba ya jin kansa kuwa dole ya kauce, ko waye shi. Ga janareto da ke shaƙewa. Ɗauko mai fiyano da mai ganga da 'yan amshi daga Kano ko Jos kuɗin mota ne da masauki da sallama, filashi kuwa a aljihu take. Mu masu kallo ma da namu. Kunnenmu ya saba da muryar da aka wanke tas a kwamfuta, har idan yaro ya yi ƙarfin hali ya rera da bakinsa ya ɗan kauce, kafin gari ya waye an yanko wurin an watsa a TikTok ana cewa asiri ya tonu. Wanda ya ga an yi wa ɗan'uwansa haka, gobe zai ce a rufe masa makirfo.

A ƙasar Sin doka ce ta hana mamin a wasan da aka sayar da tikiti, tarar tana kaiwa yuwan 100,000. A ƙarshen 2023 hukumomin Shanghai sun binciki ƙungiyar rok ta Mayday daga Taiwan bayan wani ya zarge su a intanet, kamfaninsu ya musanta, daga baya hukuma ta ce ba ta same su da laifi ba. Ni ba na neman a kafa mana irin wannan doka, hukumominmu na da abin da ya fi wannan a gabansu, kuma na san inda irin dokar kan ƙare. Abin da nake nema a wajen ciniki yake. Mawaƙi ya faɗi farashi biyu, na zuwa ya nuna fuska a saki waƙarsa, da na zuwa ya yi waƙa. Duka sana'a ce, akwai mai son a zo a yi hoto da shi kawai, kuma kuɗinsa ne. Masu shirya wasan Sallah su rubuta a fosta wanne za a yi kafin mutum ya sayi tikiti. Wanda kuma ke da biki a gaba, idan an zo maganar kuɗi ya ce a taho da kiɗan zalla wanda babu murya a ciki, kowane situdiyo na iya fitar da shi cikin 'yan mintuna. A sa masa eko, a sa masa Auto-Tune ɗin ma idan yana so, amma makirfo a buɗe, kuma kada a biya cikon kuɗi sai ya ambaci sunan amarya da ango a cikin waƙa.