Kafin ka ce abu na tafiya, faɗi inda kake tsaye

Akwai maganar da ta zama sandar korar muhawara a zaurukanmu na 'yan Kebbi a WhatsApp: "kowa da mahangarsa." Gardama na yin zafi, kan kuɗin shinkafa ce ko kan waɗanda suka fita waje, sai wani ya jefo ta, kowa ya kama gabansa. Wasu 'yan boko har jingina ta suke yi ga masanin kimiyya Einstein, wai shi ya ce komai ya danganta ga mai kallo. Ban yarda ba, zamana a Malesiya kuma ya ƙara mini ƙin yarda.

Gaskiya ne a ilimin fiziks ba a cewa abu yana tafiya sai an faɗi daga ina ake auna shi. Tun 1632 Galileo ya nuna haka da jirgin ruwa: in kana ɗakin ciki, jirgin na tafiya sumul ba ƙari ba ragi, ɗigon ruwa zai faɗa bakin tulun da ke ƙarƙashinsa kamar kana tudu. Duk wanda ya taɓa ƙetare kogin Kwara a jirgi a Yauri ya san wannan. Buhun masarar da ke gabanka, a wurinka bai gusa ba. Mai jira a gaɓa kuwa yana ganin ku kuna wucewa, kai da buhun. Shi kansa da yake jin a tsaye yake, ƙasa na juyawa da shi fiye da kilomita 1,600 a awa, tana kuma zagaya rana da shi kusan kilomita 30 a kowane sakan.

To, nan mutanenmu suke ajiye alƙalami, alhali nan karatun ya soma. In ka san gudun jirgin, kana zaune a ciki za ka lissafa abin da na gaɓa yake gani. Aikin Einstein na 1905 ma a kan abin da ba ya canzawa ya gina shi: gudun haske, kusan kilomita 300,000 a sakan, ɗaya ne ga duk mai awo. Agogunan taurarin ɗan'adam na GPS, masu nuna wa wayarka inda kake, suna wuce na ƙasa da kimanin kashi 38 cikin miliyan na sakan kullum. Injiniyoyi ba su ce kowane agogo da mahangarsa ba. Lissafawa suka yi suka gyara, don da an bari, taswirar wayarka za ta riƙa kaucewa da kilomitoci a rana guda.

Wani kawuna a Argungu ya taɓa tsare ni a waya: "Kai yaro, wai da gaske yamma kuke kallo in za ku yi salla?" Na ce, "Ƙwarai, Kawu, yamma, da ɗan karkata arewa." Ya yi salati. A gida gabas muke fuskanta, a Kuwala Lumfur yamma, a ɗakunan otal har kibiya ake mannawa a rufi don baƙo kada ya rikice. Amma ba wanda zai ce alƙibla ra'ayi ce. Ka'aba na nan inda take, mu ne muka zauna mata ta ɓangarori daban. Wanda ya zo nan ya dage sai gabas, ya ba ta baya ke nan, komai kyawun niyyarsa. Haka lokaci: awa bakwai muke gaba, ina buɗe-baki su ko azahar ba su yi ba, kuma kowa ya san yadda zai ƙirga.

Wannan ƙirgan ne ba ma yi a sauran al'amura. Na gida ya ji albashin ɗan'uwansa da ke waje, ya buga shi zuwa naira, ya yanke hukuncin mutum ya ƙi zumunci ne, bai tambayi kuɗin haya da na makarantar yara ba. Mu na waje kuwa mun fi laifi, tunda mun ga gaɓa biyu. Mutum ya saba da jirgin ƙasa mai zuwa kan lokaci da wutar da ba ta ɗaukewa, sai ya rubuta cewa Kebbi ba ta motsa ba tun da ya tafi. Da me ya auna? Tun 2017 akwai babbar masana'antar casar shinkafa a Argungu, noman rani ya cika fadamu. Ba ina cewa an ji daɗi ba; manomin da ke sayen fetur don injin ban-ruwa, ga tsadar taki, ga fargabar tsaro a wasu yankuna, zai faɗa maka nasa. Sai dai shi yana auna bana da bara, buhu nawa ya ɗauka, nawa ya kashe. Namu na waje yana auna Birnin Kebbi da birnin da ke da jirgin ƙasa a ƙarƙashin ƙasa, kuma bai faɗa ba.