Waƙar rabuwa da babu zagi a cikinta

Yawancinmu mun san Yusuf Islam ne a matsayin mawaƙin Ingila da ya musulunta a 1977, daga baya ya buɗe makarantar Islamiyya a Landan. Kafin nan sunansa Cat Stevens, kuma a 1970 ya fitar da waƙar "Wild World" cikin faifansa Tea for the Tillerman. Ni dai har yau ban ji waƙar rabuwar masoya da ta kama ƙafarta ba.

Yana da shekara 22 lokacin. Bai daɗe da tashi daga jinyar tarin fuka ba, cutar da ta kwantar da shi wata da watanni, ta raba shi da kiɗan samari mai hayaniya da ya fara suna da shi. Da ya warke sai ya koma ga jita da fiyano da murya a sanyaye. A wannan tsakanin ne soyayyarsa da 'yar fim ɗin Amurka Patti D'Arbanville ta zo ƙarshe, kuma da ita aka fi danganta waƙar.

Abin da ya sa nake girmama ta shi ne yadda ya ɗauki rabuwar. Yarinya ta ce za ta tafi. Zuciyarsa ta karye, bai kuma ɓoye ba. Amma bai tona mata asiri ba, bai yi mata gorin abin da ya kashe mata ba, bai ce Allah ya isa ba. Fatan alheri ya yi mata, ya ce ta kula da kanta domin duniya ba ta da tabbas. Ku duba abin da muke gani a Facebook da TikTok idan soyayya ta watse: habaici, sakin hotuna, fallasa hirar da aka yi cikin amana. Wallahi abin yana ci mini rai.

Akwai masu sukar waƙar, suna cewa ya yi wa budurwar magana kamar ƙaramar yarinya da ba ta san komai ba. Ba zan ce ƙarya suka yi ba, akwai ɗan wannan a ciki. Sai dai ni abin da nake ji a muryarsa tsoro ne, na saurayin da ya leƙa kabari ya dawo, yana gargaɗin wata da abin da shi kansa yake tsoro.

Waƙar ta yi tafiya. Jimmy Cliff na Jamaika ya rera ta a 1970, ta shiga goman farko a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Ingila. Ta Cat Stevens kuwa ta kai lamba 11 a Amurka a 1971. Mawaƙin Ingila Maxi Priest ya rera ta da salon rege a 1988, ƙungiyar mawaƙan Amurka Mr. Big suka sake ta a 1993.

Shi kuwa Yusuf Islam, bayan ya musulunta ya ajiye jita kusan shekara talatin, sai a 2006 ya dawo da sabon faifai. A 2020 ya sake rera faifan 1970 gaba ɗaya, ya canza wa "Wild World" kiɗa sosai. Na fi son ta farko nesa ba kusa ba, domin a cikinta ciwon bai warke ba tukuna, kuma duk da haka bakinsa bai furta mugun abu ba.