"Ka kai su majalisa," in ji mai gadin tarihinmu

Ranar Laraba na kwashi 'yan aji shida su 28, iyayensu sun yi ƙarfin hali sun haɗa kuɗin mota, muka nufi wani gidan adana kayan tarihi. Sati biyu ina cika musu baki cewa za su ga sulke da lifidi da idonsu.

Muka tarar da wani bawan Allah a kan benci, ya tuɓe takalmi, yana latsa waya. Na yi sallama, ya amsa ta hanci.

"Malam, yara na kawo su ga kayan tarihi."

"Ba wuta."

"Ai ko da fitilar waya ma za mu lallaɓa."

"Mai makulli ya fita."

"Yaushe zai dawo?"

Sai a lokacin ya ɗago, ya ƙare mini kallo daga hula har takalmi kamar bashi na zo roƙo. "Ni na aike shi?"

Na haɗiye fushi saboda yara. Na ce, "Haba Malam, daga nesa muke. Kullum fa muna jin 'yan majalisa suna muhawara kan raya al'adu."

Ya ja tsaki mai tsawo. "To ka kai su majalisar. Can kuɗin yake."

Wata yarinya ta ja mini hannun riga: "Malam, komawa za mu yi?"

Abin haushin, gaskiya ya faɗa. Duk shekara lokacin kare kasafin kuɗi sai ka ga babbar riga ta sha guga, ana buga tebur, ana "gadon kakanninmu". Hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa tana nan tun 1979. A 2023 ma har ma'aikata sukutum aka yanka wa al'adu. Amma makulli ɗaya ya gagara!

Ku je ku dubi badalar Kano. Ganuwar da aka faro tun zamanin Sarki Gijimasu yau ta koma bola, wani wurin an yanka fuloti, wani wurin an kwashe ƙasar an yi bulo. Tun 2007 take cikin jerin jiran shiga sahun wuraren tarihi na duniya na UNESCO, hukumar raya ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, tana jira tana zaizayewa. A Disambar 2024 UNESCO ta karrama hawan daba na Kano, aka yi ta rabon barka. Da ƙaramar sallar 2025 ta zo, aka hana hawan. Muna kumfar baki Turawa su dawo da kayan tarihi na tagulla na masarautar Benin da suka wawashe a 1897, Jamus ta fara mayarwa a 2022. Madalla. Wanda ke hannunmu fa, wa ya sace mana makullinsa?

Mu ma ba mu fita ba. Ba ɗan majalisa ke zuwa cikin dare yana zuba shara a gindin badala ba.

Yaran dai a bakin ƙofa suka ci abincinsu, cikin rana. Gobe iyaye 28 za su tambaye ni abin da 'ya'yansu suka gani.