Takalmin Igiya a Ƙafar Ɗan Shekara Uku

Ranar Talatar da ta wuce na je ɗauko Amir daga makaranta, na tarar da shi zaune a bakin ƙofar aji, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu, safa ta yi duƙun-duƙun, ido ya kaɗa ya yi ja. Sauran yara duk sun fita layi. Antinsu ta tare ni, cikin ladabi dai, ba zan yi mata sharri ba, ta ce, "Maman Amir, don Allah a riƙa koya masa sa takalmi a gida. Ya kamata a ce yanzu yana yi da kansa. Kullum shi ne na ƙarshe."

Na ce, "To Anti, in sha Allahu." Na durƙusa na ɗaure masa. Amma tun daga nan har muka sauka daga adaidaita maganar tana cina a rai. Amir shekararsa uku da wata huɗu. Takalmin da ake so ya sa da kansa kuma ba ni na zaɓa ba, yana nan rubuce a takardar da makarantar ta ba mu farkon zango: baƙin sau-ciki mai igiya da farar safa, ranar Laraba kuma farin kambas na wasanni, shi ma mai igiya.

Ba na faɗa da cewa yaro ya koyi yi wa kansa abu. Ina so, kuma ina ganin haƙƙinsa ne. Abin da ban gane ba shi ne a ce ana son yaro ya tsaya da ƙafarsa, sannan a ba shi takalmin da hannunsa bai kai ya sarrafa ba. Ɗaurin igiya aikin yatsu ne mai wuya: a gicciya, a zura, a ja, a yi kunne biyu, a sake gicciyawa, duk da hannu biyu a lokaci guda. Yawancin yara sai sun kai shekara biyar zuwa shida, wasu ma bakwai, kafin su iya. Yayarsa tana aji ɗaya na firamare ta iya, kuma ba sakarya ba ce. Ɗan shekara uku abin da zai iya shi ne zura ƙafa, jan wando mai roba, cire safa, wataƙila ɓalle babban maɓalli. Wanda ya nemi fiye da haka a wurinsa kuka zai samu.

Wani abin dariyar, ɗan Bahaushe ba baƙon sa takalmi da cirewa ba ne. Ku ƙirga sau nawa yaro yake yi a yini ɗaya: zai shiga ɗakin uwarsa ya cire, ya fito tsakar gida ya sa, zai gaida kaka ya cire, a Islamiyya da yamma ya cire a bakin aji, ya bi babansa masallaci ya cire. Amir tun bai cika shekara biyu ba yake zura silifansa ya fita, ba wanda ya zaunar da shi ya ba shi darasi. Yaron da ya ƙware a gida shi ne ya koma "na ƙarshe" a makaranta. To me ya canza? Takalmin.

Makarantar tasu, kamar da yawa a garin nan, ta rubuta Montessori ɓaro-ɓaro a allonta na bakin titi. Ita Maria Montessori likita ce 'yar Italiya, ta buɗe makarantarta ta farko a shekarar 1907 a wata unguwar talakawa a birnin Rum. Cikin kayan da ta tanada wa yara akwai wasu firam na katako da aka ɗaura wa ƙyalle biyu, wani da maɓallai, wani da igiya, wani da ɗauri. Yaro zai zauna da shi yana ɓallewa yana mayarwa har hannunsa ya faɗa, ba mai ce masa yi sauri. Wato a wajenta sa kaya darasi ne na cikin aji, daidai da ƙirga. Mu an ɗauki sunan an maƙala a allo, an ƙara kuɗin makaranta, darasin kuma an turo mana gida. Ɗan shekara uku yana dawowa da aikin gida na rubuta 1 zuwa 50, amma ba a ware minti goma a zauna a tabarma a nuna masa yadda ake zura dunduniya ba.

Ita Antin ban ga laifinta sosai ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 25 a nazare. Ajin su Amir sun haura talatin, da ita da nani ɗaya. Ko 25 ɗin ne, ƙafa hamsin ke nan. Su cire lokacin barcin rana, su mayar, igiya ta kwance a filin wasa, wani ya taka ta wani ya faɗi. Baiwar Allah tana sunkuye tun safe, ga albashin da duk mun san yadda yake. Dole ta so yara su yi da kansu. Wanda ya zauna a ofis ya tsara takardar yunifom don yara su yi kyau a hoton kalanda, shi ne bai taɓa ɗaure wa yara talatin takalmi ba.

Amma laifi tudu ne, bari in sauko kan namu.

Takalmin Amir ya fi ƙafarsa. Ni na saya, a kasuwar Sabon Gari, kuma da gangan na ƙara lamba biyu. Mai shagon ma yana ta zuga ni: "Hajiya, ɗauki babban, ai yaro girma yake yi, ya kai miki shekara biyu." Na cusa takarda a gaban takalmin. Kowace uwa da ke karanta wannan ta san dabarar, kuma ba rowa ba ce, yadda kaya suka yi tsada ga yara uku wa zai riƙa sayen takalmi duk zango? Sai dai yaron ne yake biya. Yana tafiya yana jan ƙafa, ƙwas-ƙwas, yana naɗe yatsu don kada ya fice, in ya ruga ya kifa. Saboda ya yi masa yawa kuma dole a ɗaure igiyar tamau, abin da ya sa ko cirewa ba ya iya yi shi kaɗai. Masu duba lafiyar ƙafa suna cewa abin da ake so tsakanin dogon yatsa da bakin takalmi kamar faɗin babban yatsan hannu ne, kuma a auna yaron yana tsaye. Ni nawa yatsa uku na shiga. Gara in je Ƙofar Wambai in tsinto gwanjo mai kyau daidai ƙafarsa, in ya matse in sake, da in sayi sabo dal da zai yi iyo a ciki.

Na biyu, gaggawar safiya. Ƙarfe bakwai saura, mai adaidaita yana hon a waje, shayi bai huce ba, babansu yana neman makulli. Amir zai ce, "Mama ni zan sa!" in ce, "Kawo nan, ka ɓata mana lokaci." In fizge in sa masa. Kullum. Yaron yana roƙon a bar shi ya koya, ni ce nake hana shi, sannan in ji haushi an ce bai iya ba. A gidajen da ke da 'yar aiki abin ya fi haka, har ɗan shekara shida za ka ga ya miƙe ƙafa kamar sarki ana sa masa safa.

Takalmi kuma somin taɓi ne. Wata maƙwabciyata ɗanta ya yi ta dawowa da jiƙaƙƙen wando, har ta fara tunanin kai shi asibiti. Ashe bel ne. Yunifom ɗinsu wando ne mai zif da ƙugiya da bel, yaro ɗan shekara uku da rabi. Kafin ya ɗaga hannu, a ba shi izini, ya isa bayi, ya yi kokawa da ƙarfen bel, aikin gama ya gama. A gida tuni ya daina. Ta kai wa tela ya sa roba a ƙugun, magana ta ƙare. 'Yan mata kuma rigarsu zif ɗinta a baya yake, inda ko ni sai na nemi mai ja mini. Farar safa a Kano lokacin hunturu ma dai ba sai na ce komai ba, mai wanki ta sani.

Alhali maganin yana jibge a kasuwa. Takalmi mai mannewa, wanda ake kira Velcro, ba sabon abu ba ne. Wani injiniya ɗan Suwizalan, George de Mestral, shi ya ƙirƙiro abin mannewar bayan ya lura da yadda 'ya'yan wata ciyawa suka maƙale a wandonsa da gashin karensa a 1941. Ya duba su a madubin ƙara girma ya ga 'yan ƙugiyoyi ne. Duk wanda ya taɓa tsintar ƙarangiya a gefen zani ya gane zancen. Takalmin baƙi ne, rufaffe ne, yana kyau a hoto in hoton ne damuwar, kuma ɗan shekara uku zai ja ya manna. Mu da muka yi firamare da sandal ɗin Bata mai maɗauri ɗaya, me ya rage mu da shi?

Na saya masa irinsa ranar Asabar, daidai ƙafa. Na sa alama da jan biro a cikin na dama, don har yanzu yana sa su a baibai, wanda ba abin damuwa ba ne a shekarunsa. Kakarsa ta ƙara da nata, ta ce ai sunna ce a fara sawa da dama, a fara cirewa da hagu, ta mayar masa da abin kamar waƙa: "Bismillahi, dama!" Muna yi da yamma bayan Islamiyya, lokacin da ba mai jiran kowa. Na kuma rage wa kaina barcin minti goma da safe. Ranar farko ya ɗauki kusan minti shida, harshen takalmin ya naɗe ciki, na zauna a kan hannuwana don kada in taɓa.

Jiya Litinin ya tafi da shi. Da na je ɗaukarsa yana cikin layi, na uku daga gaba, ya hango ni ya ɗaga ƙafa sama yana nuna mini. Anti ta yi murmushi, sannan ta matso ta rage murya: "Maman Amir, ya yi ƙoƙari wallahi. Sai dai an ce in gaya miki ba irin wannan ne a takarda ba."

Na ce na sani, a sa ni cikin masu magana a taron iyaye da malamai na ƙarshen wata. Zan tafi da tsohon takalmin a jaka, da takardar da na cusa a ciki.